Yadda Ake Tara Kalmomin Turanci Don Jarrabawar JAMB

Ɗalibin da zai zauna jarrabawar share fagen shiga jami'a ta JAMB yana da tambayoyi 180 a gabansa da awa 2 kacal, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya idan aka raba daidai. Daga ciki 60 na Turanci ne, darasin da ya zama dole ga kowa, ko likitanci mutum yake nema ko shari'a. Sauran darussa ukun kowanne 40 ne. A cikin 60 ɗin nan, kusan babu tambayar da ba ta jingina da sanin kalma ba: akwai auna fahimta, akwai cike gurbi, akwai fassarar jimla, akwai kalma mai makusanciyar ma'ana da mai kishiyar ma'ana, sannan a ƙarshe akwai furuci. Wanda kalmominsa suka yi ƙaranci, daƙiƙa 40 ɗin nan a kan fahimtar tambayar kawai za ta ƙare, tun bai kai ga zaɓin amsa ba.

Abin da yawancin ɗalibai ke yi idan jarrabawa ta matso shi ne su samo jerin manyan kalmomi ɗari biyar ko dubu, kowace da ma'anarta guda a gefe, su kama hadda. Wannan wahala ce mai ƙarancin riba. Ba a tambayar kalma ita kaɗai tsirara. Kullum a cikin jimla take zuwa, kuma jimlar ce ke yanke wace ma'ana ake nufi. Ɗauki kalmar sanction. A wata jimlar tana nufin amincewa da ba da izini, a wata kuma takunkumi ne. Kalmar grave kabari ce, amma a grave mistake kuskure ne mai muni. Pedestrian mai tafiya a ƙasa ne, amma idan aka ce jawabin wani pedestrian ne, to ana nufin lami ne, ba armashi. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya, ranar da ta biyun ta fito zai zaɓi amsar da ba ita ba, yana kuma da yaƙinin ya ci.

Inda za a samo kalmomin

Farko dai tsofaffin tambayoyin JAMB ɗin kansu, na shekaru goma da suka wuce. Kada ka tsaya a kan amsar da ta yi daidai. Kowace tambaya tana da zaɓi huɗu, ga kuma kalmar da aka ja wa layi, kenan kalmomi biyar. Duk wadda ba ka sani ba a cikinsu ka fitar da ita, domin kalmar da ta zo a matsayin zaɓin ruɗu a bana tana iya zama ita ce tambayar baɗi. Sai dai a yi hattara da littattafan tambayoyin da ake sayarwa a bakin titi da tasha: amsoshin da ke bayansu ba duka ne daidai ba. Duk amsar da ranka bai kwanta da ita ba, ƙamus ne alƙali.

Na biyu, jerin kalmomin karatun jami'a da Averil Coxhead ta jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ta fitar a shekarar 2000. Dangin kalmomi 570 ne, an kasa su rukuni 10, kuma rukunin farko shi ne na waɗanda suka fi yawan fitowa, irin su analyse, assume, derive, establish da significant. Ana samunsa kyauta a intanet da sunan Academic Word List. Ba kalmomin burga ba ne, su ne dai waɗanda ake gina rubutun auna fahimta da su, kuma za su bi ka har cikin jami'a.

Na uku, kuma shi ne gishirin miyar, karatu na kullum. Sharhin edita na jarida kamar Daily Trust ko Punch ya fi labaran wasanni da na nishaɗi amfani, domin a nan ne marubuci ke kafa hujja, yana suka yana yabo, irin rubutun da jarrabawa ke ɗaukowa. Ga wata dabara ga wanda Turancinsa bai nuna ba: karanta labarin ranar a Aminiya ko BBC Hausa tukuna, sannan ka nemi labarin a jaridar Turanci. Tunda ka riga ka san abin da ya faru, baƙuwar kalma ba za ta tsayar da kai ba, za ka hasaso ta.

Akwai ma'aunin da ya kamata a riƙe wajen zaɓen abin karantawa. Masana koyon harshe irin su Paul Nation sun nuna cewa sai mai karatu ya san kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwa ɗaya a cikin kowace hamsin. Idan ka buɗe shafi ka tarar kowane layi da baƙuwa biyu ko uku, rubutun ya fi ƙarfinka a yanzu. Ajiye shi, nemi na ƙasa da shi. Ba gazawa ba ce. Wanda ya dage a kan irin wannan shafin duba ƙamus kawai yake yi, ba karatu ba.

Katin kalma da abin da ake rubutawa a kansa

Sayi kwali fari ka yanka shi gwargwadon tafin hannu. A gaban kati rubuta kalmar tare da jimlar da ka tsince ta a ciki, ka ja mata layi. A baya sai ka sa ma'anarta da Turanci mai sauƙi, da ajinta, wato suna ce ko aikatau ko sifa, da kalma biyu masu kusancin ma'ana, da kishiya ɗaya, da kalmar da ta saba tafiya da ita. Ga misali da frugal. A gaba: She lives a frugal life and saves half of her salary. A baya: mai tattali wajen kashe kuɗi, sifa ce, 'yan'uwanta thrifty da economical, kishiyarta extravagant, sunan da ake samu daga gare ta frugality. A ƙasa ka ƙara gargaɗi: ba ɗaya take da stingy ba. Frugal yabo ne, stingy zagi ne, kamar dai bambancin mai tattali da marowaci. Irin wannan ɗan bambancin shi ne ainihin abin da ake gwadawa a tambayar makusanciyar ma'ana, inda zaɓi biyu za su yi kama da juna amma ɗaya da daɗin baki ɗaya da ɗaci.

Sa ma'anar Hausa a katin ba laifi ba ne, tana ma saurin zaunar da kalma a kai. Amma kada ta zama ita kaɗai, domin kalmar Hausa guda sau da yawa tana rufe kalmomin Turanci biyu ko uku da ba sa maye gurbin juna. Za mu zo kan wannan.

Ƙamus kuma a nemi wanda aka yi don masu koyon Turanci, kamar na Oxford ko Cambridge ko Longman na ɗalibai, waɗanda ake iya dubawa kyauta a waya. Suna ba da jimlolin misali, suna nuna harafin da ke bin kalma, ana kuma latsawa a ji furucinta. Ƙaramin ƙamus na aljihu mai ma'ana a kalma ɗaya ba zai yi wannan aikin ba.

Ƙari da tilawa

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba ƙari ne ke yin mahaddaci ba, tilawa ce. Yaron da ake yi masa ƙari kullum ba ya waiwayar baya, kafin ya kai izu biyar na farkon ya zube. Haka kalmomi suke. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada a kansa ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a awannin farko da kwanakin farko take faruwa, kuma kowace bita tana rage saurin zubewar. Saboda haka bita goma a dare ɗaya ba ta kai bita biyar da aka rarraba cikin wata guda ba.

Hanya mafi sauƙi ta tsara wannan ita ce ta akwatuna, wadda wani ɗan jaridar Jamus, Sebastian Leitner, ya yaɗa a farkon shekarun 1970. Samo ambulan huɗu ko gwangwani huɗu, ka sa musu lamba. Sabon kati yana shiga na 1, wanda ake dubawa kullum. Idan ka kalli gaban katin ka faɗi ma'anar daidai kafin ka juya, ya wuce na 2, wanda ake dubawa bayan kwana uku. Daga nan na 3, mako-mako, sai na 4, bayan mako biyu. Katin da ka kasa, ko daga na 4 ne, ya koma na 1 ba sani ba sabo. Dokar da ake yawan karyawa ita ce ta faɗa kafin juyawa. Ɗalibi zai kalli kalma, ya ji kamar ya santa, ya juya, ya ga ma'anar, ya ce ai dama na sani. Wannan gane fuska ne, ba sanin suna ba. Furta amsar a fili, ko ka rubuta ta, sannan ka juya.

Mai waya zai iya sauke manhajar Anki, wadda ke yin wannan lissafin da kanta, kyauta ce a Android da kwamfuta, kuma tana aiki ko babu data. Sharaɗin dai ka rubuta katunanka da hannunka, kada ka sauke na wani masu dubu uku. Rubutawar kanta rabin haddar ce.

Nawa a rana? Takwas zuwa goma, kwana shida a mako, na bakwai bita zalla. A 'yan shekarun nan jarrabawar a watan Afrilu take kamawa, don haka wanda ya fara a farkon Disamba yana da kusan mako 18. Ware biyun ƙarshe don bita, saura 16. Kalma 10 sau kwana 6 sau mako 16 ya ba da 960. Idan aka haɗa da danginsu, kamar frugal da frugality da frugally, abin ya ninka. Wanda ya ce zai ɗauki 40 a rana, kafin mako biyu katunan bita sun taru sun kai ɗaruruwa, sai ya gaji ya watsar da komai. Minti 20 da safe don sababbi, minti 15 da dare don bita, ya wadatar.

Saiwar kalma

Wanda ya yi Islamiyya ya riga ya san wannan dabarar ko da bai lura ba. Hukunci, hikima da hakimi duk daga saiwar Larabci ɗaya suka fito. Haka ilimi da malami. Manyan kalmomin Turanci ma haka suke, sai dai nasu daga Latin da Girkanci ne, da yawa kuma ta hanyar Faransanci suka shigo bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Shi ya sa Turanci ke da kalma biyu ga abu ɗaya, ta gida da ta boko: ask da inquire, buy da purchase, begin da commence. Jarrabawa ta fi son ta biyun.

Saiwa talatin zuwa arba'in za su buɗe maka ɗaruruwan kalmomi. Bene alheri ne, mal sharri, don haka benevolent mai son alheri, malevolent mai mugun nufi, benign ciwo marar haɗari, malignant mai kisa. Cred yarda ce: credible abin da za a yarda da shi, credulous mai saurin yarda da kowace magana, incredulous wanda ya ƙi yarda. Loqu magana ce, sai ga eloquent mai fasahar zance da loquacious mai surutu. Ɗafa-ƙeyar cide kisa ce, kamar a homicide da genocide da pesticide.

Amma saiwa jagora ce, ba alƙali ba, kuma masu shirya tambaya sun san inda take yaudara. Ɗafa-goshin in- yakan kore ma'ana, kamar a invisible, amma invaluable ba ya nufin marar daraja, yana nufin abin da darajarsa ta wuce a yi mata kuɗi. Haka ma priceless. Inflammable abu ne mai saurin kama wuta, daidai da flammable. Infamous ba wanda ba a sani ba ne, wanda ya yi ƙaurin suna ne. Ante kafin ne, anti adawa ce. Ingenious mai basira, ingenuous mai farar zuciya marar wayo. Harafi ɗaya ya raba su. Irin waɗannan a ware musu katunan kansu, biyu-biyu a kati ɗaya.

Inda Hausa da Turancin titi ke ja wa ɗalibi

Ga abin da aka ambata ɗazu. Aro a Hausa kalma ɗaya ce ga mai bayarwa da mai karɓa, shi ya sa ake jin borrow me your pen. A Turanci mai karɓa ne ke borrow, mai bayarwa lend yake yi. Baƙo yana iya zama guest ko visitor ko stranger, kuma wanda ka gayyata gidanka ba stranger ba ne. Ji ya haɗa hear da feel da smell da understand, don haka ba a cewa I hear a smell. Muna shan magani, amma Bature da kalmar take yake amfani ga ƙwaya, ba drink ba.

Sai kuma kalmomin da Turancin Najeriya ya ba su wata ma'ana da ta saɓa wa ta ƙamus, alhali jarrabawa ta ƙamus take bi. Severally ba ya nufin sau da yawa, yana nufin ɗaya bayan ɗaya, kowa daban. Dupe idan suna ce, wanda aka damfara ne, ba ɗan damfarar ba. Dowry dukiyar da amarya ke kaiwa gidan miji ce, ta fi kusa da gara da kayan ɗaki. Abin da ango ke biya bride price ne. Disinterested wanda ba ya da son rai a cikin magana ne, kamar alƙalin kirki. Wanda abin bai dame shi ba uninterested ne. Kalmomi irin opportuned da trafficate kuwa, kada ka zaɓe su a jarrabawa ko da kowa a unguwarku haka yake faɗa.

Ƙananan haruffan da ke bin kalma su ma maki ne. Ana cewa accuse of amma charge with, congratulate on, abide by, devoid of, prefer wannan to wancan. Discuss da comprise ba sa ɗaukar komai a bayansu, ba discuss about ba comprise of. Aikatau masu wutsiya kuma ba a gane su ta fassara gaɓa-gaɓa: put off ɗagewa, call off sokewa, put up with haƙuri da abu, turn down ƙin karɓa. Kowanne sai da jimlarsa.

Tambayar cike gurbi takan ɗauko fage guda, kamar kotu ko asibiti ko banki ko noma, ta nemi kalmar da 'yan wannan sana'ar ke amfani da ita. Ware mako ɗaya ga kowane fage. A kotu mai ƙara plaintiff ne, wanda ake ƙara defendant, ana adjourn ɗin zama, a acquit wanda aka wanke, a convict wanda aka kama da laifi. A asibiti likita yana diagnose sannan ya prescribe, ciwon da ya daɗe chronic ne, wanda ya taso farat ɗaya da tsanani acute. WAEC da NECO ma suna yin irin wannan, jifa ɗaya ne tsuntsu biyu.

Furuci

Kalmar da ka sani da ido kawai, rabinta ka sani. Sashen furuci yana tambayar wasula da baƙaƙe da amsa-amo da gaɓar da ake dannawa. Bahaushe ya fi samun matsala a p da f, sai a bambanta wasalin ship da na sheep, da kuma haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, kamar b a plumber da debt, p a receipt, w a sword. Rubutu yana ruɗi sosai a amsa-amo: quay da key furucinsu ɗaya, haka suite da sweet, bury da berry, colonel da kernel. Wajen danna gaɓa akwai ƙa'idoji masu taimako. Kalmar da ta ƙare da tion ko ic ko ity, gaɓar da ke gab da wannan ƙarshen ake dannawa: eduCAtion, ecoNOmic, aBIlity. Kalmomi da yawa masu gaɓa biyu suna sauya wurin dannawa gwargwadon ajinsu: REcord suna, reCORD aikatau, haka EXport da exPORT. Duk katin da ka rubuta, saurari kalmar a ƙamus sau biyu, ka maimaita a fili, ka rubuta gaɓar da manyan haruffa.

A cikin ɗakin jarrabawa

Tun 2015 a kwamfuta ake yin jarrabawar gaba ɗaya, don haka mako huɗun ƙarshe a riƙa gwaji a kan allo da agogo, tambaya 60 cikin minti 35 zuwa 40. Kuskuren da ya fi cin maki kyauta shi ne rashin karanta umarni. Tambayoyin nearest in meaning da na opposite in meaning maƙwabtan juna ne, kuma a cikin zaɓin na kishiya kusan kullum ana dasa mai ma'ana ɗaya. A ce an ba ka The chairman's reply was terse, a nemi kishiya, zaɓin kuma brief, verbose, rude da timely. Ido zai fara faɗawa kan brief saboda ita ce ma'anar terse, hannu ya latsa kafin hankali ya dawo. Amsar verbose ce.

Idan kalmar baƙuwa ce gaba ɗaya, dubi jimlar ka gane ko yabo ake yi ko suka, ka lura da irin su but da although da despite masu juya zance, ka duba saiwa, sannan ka zubar da zaɓin da ajinsu bai dace da gurbin ba. Da zarar sun rage biyu, zaɓi ɗaya ka wuce; tambaya ɗaya ba ta cancanci minti biyu ba. Kada kuma a bar wata ba amsa, tunda ba a rage maki don an yi kuskure.

Mai shirin jarrabawar SAT don karatu a Amurka zai iya bin wannan tsarin, da ɗan gyara. Tun sauyin 2016 jarrabawar ta rage tambayar kalmomin da ba a cika ji ba, ta koma kan sanannun kalmomi masu ma'ana fiye da ɗaya a cikin ɗan gajeren rubutu. Sashen karatu da rubutu na sabon tsarinta na kwamfuta tambaya 54 ne cikin minti 64, kuma babu sashen furuci, don haka lokacin da ɗan JAMB ke kashewa a kan danna gaɓa, shi sai ya mayar da shi kan karatun dogayen maƙaloli na kimiyya da tarihi.